Jan Biron Malam: Daɗi da Wuyar Sabon Marubuci

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 2007 ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai.)



Lokacin da Sakataren Ƙungiya ya kira ni ya ce an zaɓe ni in yi magana a kan rayuwar marubuci, sai da na tambaye shi ko dai ya yi kuskuren lamba ne. Domin kuwa a cikin ɗakin nan akwai likitoci, da lauyoyi, da malaman jami'a, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne mai ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Littafi ɗaya tak na taɓa bugawa, shi ma fiye da rabinsa yana nan a ƙarƙashin gadona har yau. Sakatare ya yi dariya ya ce ai saboda haka ne ma aka zaɓe ni, wai wanda ya yi tuntuɓe ya fi sanin inda dutsen yake. To, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗa maku abin da ya same ni yadda ya faru, da daɗinsa da wuyarsa.

Mafari

A nan makarantar abin ya faro. Waɗanda muka shigo aji ɗaya tare a 2001 za su tuna lokacin firef na dare, da yadda ake ɗauke wuta mu koma ga fitilar ƙwai. A lokacin ne na fara cika littattafan rubutu masu shafi 80 da labarai, ana karɓa ana yawo da su daga gado zuwa gado, har su dawo mani da tabon miyar gabza. In an ce mani labari ya yi daɗi, ranar ba na jin yunwa.

Wata rana muna aji huɗu, Malaminmu na Hausa, wanda ga shi can zaune a sahun gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kama ni ina rubutu a ƙarƙashin tebur yana cikin darasi. Na ɗauka bulala zan sha. Sai kawai ya karɓe littafin ya sa a aljihu. Bayan kwana uku ya dawo mani da shi, babu shafin da jan biro bai taɓa ba. Ya gyara mani rabin kalma da na haɗe, ya sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, ya kuma rubuta a ƙarshe cewa in sake rubutawa in kawo. Ban sake rubutawa ba, ban kuma kai ba. A ganina a lokacin, mutanen ɗakin kwananmu arba'in sun ce ya yi daɗi, mutum ɗaya ne zai ce da gyara? Ku riƙe wannan, domin shi ne kuskuren da na biya kuɗinsa bayan shekara goma sha huɗu.

Waɗanda suka share hanya

Kafin in ci gaba da nawa labarin, ya kamata ƙannenmu su san cewa wannan hanya tana da masu ita, kuma kowane zamani da irin ƙofar da sabon marubuci yake ƙwanƙwasawa.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari da Hausa. Daga wannan gasa ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Abin lura a nan shi ne, Abubakar Imam yana da shekara 22 ne kawai a lokacin, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, haka shi ma Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauchi. Wato dukkansu suna da aikin da suke ci da shi, rubutu kuma a gefe. Abu na biyu, suna da mai duba masu aiki. Akwai wanda zai karanta, ya ce a cire nan, a sake can, kafin a kai maɗaba'a. Hatta Magana Jari Ce, sai da aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936 ya zauna ya yi aikinta kusa da East.

Wannan tsari ya ci gaba ta hannun Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da NORLA, da kuma kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966. Shi ne ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, bayan wata gasa da ya shirya.

Daga tsakiyar shekarun 1980, musamman bayan shigowar shirin SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta kurum. Sai matasa a Kano suka ce ba za su zauna jira ba, suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. A nan ne ƙungiyar Raina Kama ta fito, da su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kuykuyo Ne. Masana suka yi ta muhawara a jaridu, wasu suka raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano. Duk abin da aka faɗa, waɗannan littattafai ne suka sa dubban mata da matasa suka riƙe karatun Hausa. Ita Hajiya Balaraba, an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya, amma a 2012 an fassara wancan littafi nata zuwa Turanci aka buga shi a ƙasar Indiya.

Sai dai kuma wannan 'yanci ya zo da nasa ciwon. Tunda marubuci shi ne mai kuɗi, shi ne mai bugawa, shi ne mai talla, to babu mai iya ce masa tsaya. Wannan ƙofa ce ni na tarar a buɗe, na kuma faɗa ta da gudu.

Ofis da alƙalami

Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa a 2014, na sami aikin gwamnati a 2016. Na ɗauka yanzu rubutu zai zo da sauƙi, tunda ga albashi, ga tebur, ga kwamfuta. Ashe ban sani ba, aikin ofis yana da nasa salon rubutu, kuma kishiyar na labari ne. A ofis ana koya maka ka ɓoye kanka. Ba ka cewa "na ga", sai dai "an lura". Ba ka cewa "na ƙi", sai dai "an umurce ni in sanar da kai". In ka yi shekara biyu kana haka daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, ka dawo gida da dare ka ce za ka rubuta yadda uwa take kukan ɗanta, sai ka ga hannunka yana rubuta ta kamar rahoton kwamiti. Ga gajiya, ga iyali, ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari. Na koma tashi bayan asuba in yi shafi ɗaya ko biyu kafin shirin fita. A haka na gama littafina na farko a ƙarshen 2017.

Faɗuwa ta farko

Ranar da na rubuta "Tammat", ban nuna wa kowa ba sai abokai uku da na san za su yaba. Suka kuwa yaba. Na je asusun taimakon kai da kai na ma'aikatanmu na ci bashin da ya kai albashina na wata biyar, na kai wa wani mai maɗaba'a, na ce a buga mani kwafi 1,000. A watan Afrilun 2018 aka kawo mani su a ɗaure cikin keken adaidaita sahu. Wallahi ba zan ɓoye maku ba, ranar da na ga sunana a bangon littafi, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi ta shafa shi ina shinshinar ƙamshin tawada. Irin wannan farin ciki ban taɓa jin sa ba sai ranar da aka haifa mani 'yar fari.

Farin cikin bai kwana biyu ba. Da na zauna karantawa, a shafi na 3 na ga kuskure, a shafi na 7 na ga biyu. Duk ƙ da ɗ da ɓ sun zube a wajen bugu, inda na ce ɓarawo ya zama barawo, ƙafa ta zama kafa. Mafi muni, wani mutum da na kashe a babi na huɗu sai ga shi yana shan shayi a babi na tara. Wannan kam ba laifin maɗaba'a ba ne.

Duk da haka na shirya bikin ƙaddamarwa. Na kama ɗakin taro, na buga kati, na sayi lemo. Manyan baƙi suka yi ta tashi suna sanar da dubbai, ana tafi. Da aka watse muka zauna lissafi, abin da ya shigo hannu bai biya kuɗin ɗaki da lemo ba, saura duk alƙawari ne. Na yi wata shida ina bin ofisoshi, ana ce mani Oga ya fita. Na ga wasu a sahu na uku suna sunkuyar da kai. Ku kwantar da hankalinku, ban zo karɓar bashi ba, na yafe tuni.

Na ɗauki kwafi 200 na kai wa wani mai shagon littattafai a kasuwa, a kan in ya sayar ya biya. Bayan shekara guda na koma, ya kaɗe ƙura ya miƙo mani 170. Ya gaya mani gaskiya, ya ce masu sayen littafin labari sun ragu ƙwarai, kowa ya koma karatu a waya. Wata goma sha takwas ana cire bashin nan daga albashina. A cikin wannan lokaci sai da muka ɗage biyan kuɗin haya sau biyu, kuma maiɗakina, Allah ya saka mata, ba ta taɓa ce mani komai ba, sai dai in za ta yi shara ta ce in zo in ɗaga mata "dukiyata". Wannan kalma ta fi zagi zafi.

Komawa wurin Malam

A cikin wannan hali ne na ɗauki kwafi ɗaya na kai wa Malam a gida, lokacin ya riga ya yi ritaya. Gaskiyar magana, yabo na je nema, ko zuciyata ta yi sanyi. Ya ce in dawo bayan mako uku. Da na koma, sai ga littafina ya koma ja kamar an yanka kaza a kansa. Ya zaunar da ni a kan tabarma ya ce, "Ɗana, Hausarka ta yi kyau fiye da da. Amma ina tambayarka, a cikin mutanen nan na littafinka, wanne ka taɓa gani da idonka?"

Na rasa amsa. Littafin labarin ɗan wani attajiri ne mai jirgin sama, da 'yar sarki da ta yi karatu a Ingila. Ni kuwa ban taɓa shiga jirgi ba a lokacin, gidan sarki ma iyakata ƙofar fada ranar hawan salla. Fina-finan da na kalla ne da littattafan da na karanta na tattara na sake wa suna. Malam ya ce, "Kullum kana zaune cikin mutane a ofis, kowa da abin da ke cin sa. Ka bar su ka tafi Ingila."

Na fita ina fushi. Na yi wata huɗu ban gaishe shi ba, kuma yau a gaban jama'a nake neman gafararsa. Malam, a yafe mani. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, ni ne ban gane ba.

Zamanin waya

A 2020, lokacin kullen cutar korona, aka ce ƙananan ma'aikata su zauna a gida. Sai na bi sahun masu rubutu a waya. Ga ƙannenmu wannan ba sabon abu ba ne: marubuci yana sakin babi ɗaya kullum a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, in labari ya kai inda ya fi daɗi sai a ce saura na kuɗi ne, mai so ya tura kuɗin, wanda a lokacin ɗari biyu ne ko uku, a sa shi a rukuni na musamman. A nan na fara samun kuɗin rubutu na farko a rayuwata, ba tare da na ci bashin kowa ba. Kuma akwai daɗi ka saki babi da dare, kafin safiya mutum hamsin sun yi maka magana.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Masu karatu suna son babi kullum, ko kana da abin faɗa ko ba ka da shi, don haka labarin da ya kamata ya ƙare a babi ashirin sai da na ja shi zuwa sittin. In na nufi gabas, sai su yi caa su ce a kashe kishiya, a mayar da wance gidan mijinta, ni kuma in bi, don kada su gudu. Bugu da ƙari, wanda ya biya ɗari biyu yakan kwafe ya watsa wa ɗari kyauta, wata rana ma na tarar da labarina a wani wuri da sunan wani. Kada kuma ku ɗauka abin da ke intanet dawwamamme ne. Dandalin OkadaBooks, inda marubutan Nijeriya da yawa suka zuba littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023.

Ba ina kushe wannan hanya ba ne. Ta buɗe wa mata da yawa ƙofa suna cikin ɗakunansu, wasu ma da ita suke riƙe da kansu. Abin da nake cewa shi ne, ta sake ba ni abin da ɗakin kwananmu ya ba ni a da, wato masu tafi da yawa, mai gyara babu ko ɗaya.

Labarin masinja

Abin da ya juya ni ƙaramin abu ne. Akwai wani dattijo masinja da muka yi aiki tare, wanda ya yi shekara 35 yana ɗaukar fayil. Ya yi ritaya, sai ya zama kullum yana zuwa bin haƙƙinsa, yana zama a kan bencin da ya saba zama, in ya ga fayil a hannun wani sai ya miƙe ya karɓa ya kai, don hannunsa ya saba. Wata rana na gan shi yana goge takalminsa da gefen hula kafin ya shiga ofishin wani yaro da aka ɗauka aiki a gabansa. Tambayar Malam ta faɗo mani.

Na rubuta gajeren labari, shafi shida kacal, na sauya suna da gari da komai don kada in tona asirin bawan Allah. Na ajiye girman kai na kai wa Malam. Sau biyar yana dawo mani da shi. A karo na uku ya soke shafin farko gaba ɗaya, wanda na fi ji da shi, ya ce wa'azi ne, in bari mai karatu ya gani da kansa. Wata bakwai na yi a kan shafi shidan nan. A 2022 wata jaridar Hausa ta buga shi a filinta na adabi. Ko kwabo ba a biya ni ba. Amma bayan mako biyu wata mata da ban sani ba ta nemi lambata ta kira ni, ta ce mahaifinta na rubuta, har goge takalmin. Ta yi kuka, ni ma na yi. Ban san mahaifinta ba, garinmu ma ba ɗaya ba. Kwafi 1,000 ba su kawo mani kira irin wannan ko ɗaya ba.

Inda nake a yau

Kada ku zaci daga nan komai ya miƙe. Na shiga gasa sau uku, ko cikin jerin farko sunana bai fito ba. Akwai watannin da ba na iya rubuta ko layi ɗaya. Na haɗa gajerun labarai goma sha biyu, Malam ya duba tara, amma bayan cire tallafin mai da sakin Naira a 2023, kuɗin bugu ya wuce inda hannuna zai kai, domin yawancin takardar littafi daga waje ake shigo da ita. Wannan karon ba zan ci bashi ba, kuma ba na sauri. Sannu ba ta hana zuwa.

Kuma ƙofofi suna nan ga mai haƙuri. Akwai Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi inda ake zama a karanta aiki a yi suka. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata marubuta. A wannan shekarar ce kuma Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya ta dala 100,000, da littafin da ya rubuta da Turanci a kan rayuwar mutanenmu. Shi ma aikin jarida yake yi a lokacin.

Kammalawa

Ƙannena, in akwai mai cika littafin rubutu a ƙarƙashin tebur a cikinku, kuma na san akwai, ga abin da zan bar maku. Ku yi karatu fiye da yadda kuke rubutu. Ku riƙe darasinku ku sami sana'a, domin su Imam ma da aikinsu suka fara. Ku rubuta mutanen da kuka sani, mai gadi, da mai dafa abinci, da kakarku. Sannan ku nemi mutum ɗaya da ba ya jin kunyar gaya maku gaskiya, in kun same shi ku riƙe shi hannu bibbiyu, ko da maganarsa ta hana ku barci.

Ga Ƙungiya kuma, Shugaba, ina da roƙo. Ɗazu na leƙa laburare, na tarar kantocin da muka bari cike da littattafai yanzu rabi babu komai. Ina ba da shawara kowane tsohon ɗalibi ya zo taron baɗi da littafi ɗaya mai kyau, na Hausa ko na Turanci. Haka kuma a farfaɗo da allon jarida da muke liƙa rubutu a bakin ɗakin cin abinci. Ni kuma na ɗauki alƙawari, in Shugaban Makaranta ya amince, duk Asabar ɗin ƙarshen wata zan zo in zauna da masu sha'awar rubutu mu duba aikinsu layi-layi. Na riga na sayi jan biro dozin guda. Malam ya ce in ƙafa ta bar shi, shi ma zai riƙa leƙowa ya duba nawa gyaran.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.